Ina jinyar tiyatar cibiya, ga bargo da zanen gado ban kammala ba: wane aiki zan iya taɓawa?

Maman Amarya, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawara daga 'yan'uwa masu aikin hannu, musamman waɗanda jinya ta taɓa riska suna tsakiyar aiki, da kuma ma'aikatan lafiya idan akwai su a cikinmu.

An yi mini tiyatar ƙaba a cibiya, yanzu ina cikin mako na biyu, kuma alhamdu lillahi aikin ya yi kyau, domin washegari aka sallame ni. Likita ya gargaɗe ni kada in ɗauki abin da nauyinsa ya wuce kilo 5 har sai na cika mako 6, ya ce in riƙa ɗan tattaki a tsakar gida, ya kuma ba ni ranar da zan koma a duba wurin. Takardar sallamar ba ta ce komai game da ɗinki ba, alhali shi ne abin da ya tsaya mini a rai, saboda bikin 'yata ta fari saura wata biyu da 'yan kwanaki, ga kuma ayyuka uku da na ɗauko tun bara, babu ko ɗaya da ya kai ƙarshe.

Na farko bargo ne na haɗin ƙyalle. Na daɗe ina tara ragowar atamfofin gidanmu, har da na ankon bukukuwan dangi da wani zane na marigayiya mahaifiyata, na yayyanka su daidai wa daida, na haɗa kusan kashi biyu cikin uku na fuskar bargon a kekena na ƙafa, Butterfly. Abin da ya rage shi ne in ƙarasa layukan, in shimfiɗa shafi, in ɗora abin ciko, in rufe da fuskar, sannan in bi su da ɗinki su zama abu guda. Na biyu farin zanen gado ne da rigunan filo 4 da nake yi wa surfani da hannu, furanni a gefe da dagi a tsakiya. Riguna biyu sun kammala, zanen kuma na ci rabinsa. Na uku hula ce da nake ɗinka wa mahaifinta domin ranar ɗaurin aure.

Uwar mijina ta hana ni taɓa allura gaba ɗaya, tana cewa duk wanda ke da ɗinki a jiki idan yana jan zare to ɗinkin cikinsa yake ja. Ba na son in yi mata musu, amma zaman banza ya fara gundurata. Shin zan iya hawa keken? Shin zan iya zama a tabarma kamar yadda na saba? Idan kuma dole ne in ba wata ta ƙarasa mini surfanin, hannun nata ba zai bambanta da nawa a idon mai kallo ba?

'Yar Jinya, Kaduna

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma nuna mana ranar bikin lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren tiyata, amma tun da ban ga ciwonki ba, maganar likitan da ya yi miki aiki ita ce gaba da tawa, kuma ya kamata ranar da kika koma ki ambata masa keken ƙafa da bakinki, domin ba kowane likita ne zai tuna cewa majinyaciyarsa maɗinkiya ce ba.

Abin da ya kamata ki fara fahimta shi ne ɗinki biyu ne a jikinki. Akwai na fata wanda kike gani, shi yakan haɗe cikin kwana 7 zuwa 14, kuma shi ne ke ruɗin mutane su ɗauka sun warke. Akwai kuma ainihin gyaran, wanda ke can ƙarƙashi a bangon ciki, inda aka rufe ramin da hanji ko kitse ke turowa, wani lokaci da zare kaɗai, wani lokaci a ƙara da raga. Wannan na cikin yana ɗaukar makonni kafin ya yi ƙwari, shi ya sa aka ɗibar miki mako 6. Abin da ke yi masa barazana shi ne duk wani abu da zai sa ki riƙe numfashi ki ɗaure ciki, kamar ɗaga kaya, da yunƙuri a banɗaki, da tari mai ƙarfi, da miƙewa daga ƙasa ba tare da abin dafawa ba. Jan zare da yatsu ba ya cikin wannan sahu. Saboda haka Mama tana da gaskiya da ta ce a kula, sai dai ba allurar hannu ce abin tsoro ba.

Keken ƙafa kuwa ina ba ki shawara ki rufe shi da zane ki manta da shi har sai likita ya sake duba ki. Mai taka keke ba da tafin ƙafa kaɗai take aiki ba. Cinyoyi da mara suna motsi ba tsayawa, ga shi kuma jiki a sunkuye yake, wato daidai inda aka yi yankan ne ke naɗewa. Bayan haka kan keken ƙarfe ne zalla, nauyinsa ya haura kilo 10, kuma duk maɗinkiya ta san yadda hannu ke kaiwa ya ɗaga shi ba tare da tunani ba idan zare ya cukurkuɗe a ƙoshiya ko za a ɗiga mai. Ko an saka masa inji na lantarki, jan babban bargo ana tura shi ƙarƙashin allura aiki ne na kafaɗa da ciki.

Zaman tabarma shi ma ki ɗan ɗaga masa ƙafa. Ba zaman ne matsalar ba, sauka da tashin ne, da kuma miƙa jiki gaba don ɗauko almakashi da ya yi nisa. Ki nemi kujera mai majingina wadda ƙafafunki za su taka ƙasa sosai, ki sa filo a bayanki, ki ɗora wani a cinya domin aikin ya taso zuwa gare ki maimakon ke ki sunkuya masa. Kayan aikin duka, zare da almakashi da allurai, a zuba su a faranti a ajiye a kan tebur a gefen hannunki. Wadda addini ya sawwaƙe mata yin salla a zaune saboda lalura, bai kamata ta durƙusa saboda bargo ba.

Akwai wani haɗari da masu aikin hannu ba su cika lura da shi ba, wato daɗewa a zaune. Bayan tiyata jini ya fi saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa, kuma surfani aiki ne mai ɗauke hankali, sai mutum ya ce bari in ƙarasa wannan ganyen, kafin ya ankara an kira la'asar. Ki saita agogon wayarki, duk bayan minti 30 ki ajiye aikin ki zaga tsakar gida, ki sha ruwa. Idan kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura ko sha raɓarki tana ciwo, ko numfashi ya yi miki wuya, ko ƙirji ya riƙe, kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti. Haka nan idan wurin yankan ya yi ja yana ƙaruwa, ko ya ɗauki zafi, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko amai ya zo tare da kumburin ciki.

Sai maganar magani. Idan har yanzu kina shan masu ƙarfi irin su tramadol ko codeine, suna kawo gyangyaɗi, suna kuma ƙulle ciki, saboda haka ba lokacin riƙe allura ba ne, balle a kan gado inda za ta iya ɓacewa cikin shimfiɗa. Kuma kada ki sha maganin ciwo domin ki samu damar yin aiki, saboda ciwon shi ne ke sanar da ke cewa kin wuce iyaka. Idan kina da ciwon sukari, warkewar kan ɗauki lokaci fiye da haka, sai a ƙara haƙuri.

Tsohon Maɗinki, Birnin Zazzau

Sannu da jiki, 'yata. Malamar asibiti ta gama magana a kan abin da ya shafi lafiya, ni zan tsaya ne a kan tambayarki ta ƙarshe, domin tun ina almajiri nake cin abinci da allura.

Hannu da yawa a kan aiki ɗaya ba baƙon abu ba ne a sana'armu. Babbar riga mai aska tara ba kasafai mutum ɗaya ke fara ta ya gama ba: wani ne ke zayyana, wani ya ɗauki aljihu da asake, wani ya yi tambarin ƙirji da na baya, wani kuma ya harhaɗa. Yanzu ma da mata suka shigo aikin a nan cikin birni, alhali a da na maza ne, haka ake rarraba shi gida-gida, yara na kai wa suna karɓowa. Amma akwai ƙa'ida, ita ce ana raba aiki ne a kan gaɓa, ba a tsakiyar zane ba. Kowane hannu da irin jansa. Wani yana matse zare har yadi ya ɗan tattare, wani yana sakinsa ya kwanta luf, wani taku goma yake yi a inda wani zai yi takwas. Idan dagi ɗaya ya sha hannu biyu, ko wanda bai san ɗinki ba zai ji wani abu bai zauna ba, ko da ya kasa faɗin mene ne. Idan kuwa kika ba wata rigunan filo biyun da suka rage ta yi su daga farko har ƙarshe, tana kallon naki a matsayin samfuri, babu mai ganewa sai ke da ita. Zanen gadon da kika ci rabinsa kuwa naki ne, ki riƙe abinki.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne hannun mutum ɗaya ma yana sauyawa. Mai jinya ba ya jan zare kamar mai lafiya, kuma wanda ya saba aiki a tabarma idan ya koma kujera takunsa kan ɗan buɗe. Saboda haka kada ki faɗa wa dagin kai tsaye. Ki samu guntun wannan yadin ki yi fure ɗaya ko biyu, ki kara shi da tsohon aikin a hasken rana, sai kin ga sun yi daidai sannan ki koma kan zanen, kuma ki fara daga gefen da zai faɗa wajen bango idan an shimfiɗa. Ki taƙaita zaren da kike zurawa, kada ya wuce kamu ɗaya, wato daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu. Dogon zare shi ke sa mutum ya riƙa ɗaga hannu sama da kai a kowane taku, wanda bai dace da mai ɗinki a ciki ba, ga shi kuma yana saƙewa yana dusashewa saboda yawan ratsa yadi. Zanen kuma kada ki rungume shi duka a cinya. A naɗe ɓangaren da ba a aiki a kai, a ɗora a kan tebur ko a hannun kujera.

Tun yanzu ki aiki yaro ya duba miki ko zaren da ya rage zai isa. Idan irin mai lamba ne kamar Anchor, a tafi da takardar da ke jikinsa, a kuma tafi da sili ɗaya a kara, domin lamba ɗaya kan zo da ɗan bambancin rini idan ba tare aka yi su ba, kuma a kan farin yadi ba ya ɓuya.

Da ni ne ke, da hular zan fara. Ita ce mafi sauƙin nauyi, tafin hannu ya ishe ta, wahalarta a yatsu da ido take, ba a ciki ba. Ita ce kuma ba ta karɓar hannu na biyu ko kaɗan, saboda ɗinkinta a cushe yake, gida na bin gida, taku ɗaya ya kauce sai layin duka ya karkace. Ki tuna kuma tana buƙatar kwanaki a wurin mai wankin hula kafin ta hau kan Alhaji.

Zan ƙara wani abu domin masu karatu waɗanda tasu tiyatar ta ido ce, domin su hukuncinsu daban ne. Lokacin da aka cire mini yanar ido, likita ya hana ni aikin kusa mai tsanani har sai da idon ya zauna aka auna mini sabon tabarau, wajen mako 6, ya kuma hana ni shiga ƙura. Abin da ya ba ni mamaki shi ne launi. Yanar ido takan sa mutum ya riƙa ganin komai da ɗan rawaya-rawaya ba tare da ya sani ba. Da aka cire ta sai na ɗauko wata shadda da nake yi wa kallon ruwan madara, na tarar fara ce tas mai ɗan shuɗi. Duk wanda ya zaɓi zare kafin irin wannan aikin, to ya sake duba zaɓinsa bayan an buɗe idon.

Maman 'Yan Biyu, Jos

Hajiya, sannu, ya ƙarfin jiki? Mu nan sanyi ya sa bargo ya zama sana'a, kuma irin naki na haɗin ƙyalle na yi su da dama. Ina ganin kowa ya tafi a kan cewa bargon sai an jira keke, ni kuwa ina ganin akwai aiki mai yawa a cikinsa da za ki iya ragewa daga kan kujera.

Wahalar bargo ita ce girmansa. Na gado mai ƙafa 6 idan aka haɗa fuska da ciko da shafi, juya shi kaɗai motsa jiki ne, shimfiɗa shi a ƙasa ana rarrafe ana miƙar da shi kuwa shi ne aikin da ya fi kowane haramta a gare ki yanzu. Mafita ita ce kada ki bari ya zama babba sai a ƙarshe. Ki farke layi ɗaya a tsakiyar abin da kika riga kika haɗa ya rabu biyu, ragowar ƙyallayen da ba a haɗa ba kuma ki ba 'yarki ko wata tela ta haɗa miki su su zama kashi na uku. Miƙaƙƙen ɗinki ne, ba ya nuna hannu, in dai an kiyaye faɗin bakin da kika bari. Kowane kashi a yanka masa cikonsa da shafinsa, a bar rarar kamar yatsu uku a gefen da za a haɗe. Yara su shimfiɗa a kan teburin cin abinci, ke kina zaune kina nuna musu, su kafe da manyan fil masu makulli, tazarar taƙi ɗaya tsakanin kowane biyu, suna farawa daga tsakiya zuwa baki. Daga nan kowane kashi zai zauna a cinyarki ba tare da ya danne ki ba, ki bi shi da ɗinkin hannu, ki tsaya kafin bakin da za a haɗe. Idan kin cika makonninki sai a haɗa fuskokin a keke, a kara cikon baki da baki, a kalmashe shafin da hannu ta baya.

Idan kika ga lokaci zai ƙure, akwai hanyar ƙulli. Maimakon a bi kowane layi da ɗinki, sai a sa zare mai kauri a soka a kusurwar kowane ƙyalle, a fito da shi, a ƙulle sau biyu, a yanke a bar ɗan geza. Yana riƙe bargo sosai, kuma abin da zai ci makonni ana gama shi cikin 'yan kwanaki. Wasu na ganin bai kai ɗinki kyau ba, ni kuwa a kan atamfa mai yawan zane na fi son sa, domin ƙananan taku ɓacewa suke yi a cikin launuka, wahalar ta tafi a banza.

Ba ki faɗi abin cikon da kika tanada ba. Idan audugar rimi ce, ina roƙonki ki canja. Tana da laushi da rashin nauyi, amma santsi gare ta, ba ta zama wuri ɗaya sai an tsare ta da ɗinki kusa da kusa; duk wanda ya matsa kusa da dawakan 'yan lifidi a hawan salla ya ga yadda ake jera layukan ɗinki a matse domin cikon kada ya zube ƙasa. Wannan aiki ne na masu ƙarfin hannu, kuma lifidi ba a jefa shi a baho duk wata. Bargon amarya kuwa zai sha wanki, rimi kuma idan ta jiƙe dunƙulewa take yi. Ga ƙurarta da ke tashi tana sa atishawa, abin da mai sabon ɗinki a ciki ba ta so. Ki nemi faiba mai shimfiɗa wadda ake sayarwa a yadi, marar kauri, ko wani tsohon bargo sakayau mai tsabta.

Zanen mahaifiyarki kuma, Allah ya jiƙanta, tun da ya sha wanki ya fi sauran rauni, shi zai fara yagewa. Kafin a rufe, ki manna wa kowane ƙyallensa wani siririn farin yadi ta baya. Wannan ma aikin kujera ne.

Yaya Babba, Kano

Ni dai ku yi mini haƙuri, ra'ayina ya saɓa. Duk abin da kuka faɗa daidai ne a takarda, amma ina tambaya, wace uwar amarya ce za ta ajiye allura bayan minti 30 alhali tana ƙirga kwanaki? Ba allurar nake tsoro ba, wa'adin nake tsoro. Yau za a ce daga kujera kawai, gobe yara sun tafi makaranta ga fil ya ƙare, sai ta miƙe ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Ƙanwata an yi mata irin wannan aikin, ta ji garau, sunan jikarta ya zo ta shiga hidima tana sauke tukunya tana ɗaga bokiti, shekara ba ta zagayo ba ƙabar ta dawo, aiki na biyun kuma ya fi na farko wuya da tsada.

Hajiya, hidimar da ke gabanki ba ɗinki kaɗai ba ce. Akwai kasuwa, akwai jere, akwai gara, akwai baƙi. Ki adana ƙarfinki domin su. A aika Kantin Kwari a sayo bargo da zanen gado a yi jere da su, babu wanda zai tsaya ranar yana tambayar wa ya ɗinka. Bargon da ke ɗauke da zanen kakarta ba ya lalacewa don ya makara. Ki kai mata shi a tsanake bayan biki, ko lokacin sanyi ya kama, zai ma fi yi mata daɗi a lokacin da hayaniya ta lafa.

'Yar Jinya, Kaduna

Yaya, ban ƙi maganarki ba, musamman a kan hidimar biki, domin tukunya da bokiti da jan akwati su ne ainihin abin da muke gargaɗi a kai, kuma ya kamata Hajiya ta sa a fito mata da duk kayan aikinta a ɗora a sama tun yau. Sai dai dawowar ƙaba ba ɗaukar kaya kaɗai ke jawo ta ba. Ƙiba, da tari mai daɗewa, da taurin bayan gida, da ciwon da ya yi ruwa bayan tiyata, da girman ramin tun farko, duk suna da hannu. Kuma a abin da nake gani a wurin aiki, matan da aka hana komai su ne suka fi saurin karya doka, saboda gundura takan kai su madafa ko wurin wanki. Wadda aka bar wa hula a hannu ta fi zama wuri ɗaya.

Maman Amarya, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na koma asibiti an duba, likita ya ce wurin ya haɗe da kyau, ya amince da aikin hannu a kan kujera, keke kuwa ya ce kada in kusance shi sai bayan mako na 6, kuma ko a lokacin wani ne zai riƙa ɗaga mini kansa. Na karanta wa uwar mijina bayanin ɗinki biyun nan, ta ce ta yarda da hula amma ita za ta riƙa duba agogo.

Ga yadda na tsara: hula ce a hannuna yanzu, rigunan filo biyu na ba ƙanwar maigidana, zanen gado zai biyo bayan hular. Bargon kuwa na ɗauki rabin shawarar Yaya Babba, na cire shi daga lissafin jere. Za a raba shi uku kamar yadda Maman 'Yan Biyu ta ce, in yi abin da ya sawwaƙa, ya gama ranar da ya gama. Kuma lallai rimi na tanada, an mayar da ita cikin filo.

Baba, saura tambaya ɗaya. Zayyanar zanen da fensir aka yi ta, ga kuma wani ɗan ɗigon jini a kusa da fure ɗaya inda allura ta taɓa soke ni tun kafin in kwanta asibiti. Yaya za a fitar da su ba tare da zaren ya zuba ba?

Tsohon Maɗinki, Birnin Zazzau

Madalla, 'yata. Da farko kada dutsen guga ya taɓa zanen kafin a wanke shi, kuma kada a sa ruwan zafi, domin zafi kama jini yake yi ya zaunar da shi a yadi. Ɗigon a jiƙa shi da ruwan sanyi, a shafa farin sabulu, a bar shi ya ɗan jima, sannan a murza a hankali da yatsa ta bayan yadin. Tun da ya kwana biyu, wataƙila sai an maimaita. Kada a kawo bilic kusa da aikin, zai ci launin zaren. Kafin a tsoma zanen duka, a ɗauki sili ɗaya na kowane launi, musamman ja da shuɗi mai duhu, a jiƙa a matse cikin farin ƙyalle a gani ko zai zuba. Fensir yakan fita da sabulu a wankin farko in dai ba a danna shi da yawa ba.

A shanya a inuwa, a yi guga ta baya tun yana da ɗan danshi, a kan tawul mai kauri domin furannin su taso kada su kwanta. Wankin da matsewar da shanyar duka ki bar wa yara, saboda jiƙaƙƙen zanen gado a cikin baho ya wuce kilo 5 ɗin da likita ya yanka miki.